Wa ya taɓa yi wa adaidaita sabon daɓe da kansa?

Direban adaidaita, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daɓen Bajaj ɗina ya ruɓe daidai inda fasinja ke ajiye ƙafa. Tsatsa ta ci har idan na ɗaga kafet ina hango kwalta. Kuɗin sabon bodi ya fi ƙarfina, shi ya sa nake so in sayo falanki a Ƙofar Ruwa in tsaya a kan aikin da kaina. Wanda ya taɓa yi ya faɗa mana abin da ya gani. Ƙarfe ko katako? Wane kauri? Walda ko noti?

Fanal bita, Fanteka, Kaduna:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan aikina ne na kullum, bari in ɗan tsawaita. Kafin ka sayi komai, samo kwalin katan ka shimfiɗa a daɓen, ka yanke shi daidai da kowace kwana, sannan ka ɗora shi a kan falanki ka zana. Daɓen keke ba murabba'i ba ne, wanda ya dogara da tef kaɗai sai ya yi asarar ƙarfe. Wajen yankan tsohon kuma kada ka ji tausayinsa. Ka bi da giranda har sai ka tarar da ƙarfe mai haske, don walda ba ta kamawa a kan tsatsa, sai dai ta huda ta.

Ni milimita 1.5 nake sakawa, iyaka 2. Direbobi kan zo su ce a sa musu mai kaurin 3 don kada ya sake ruɓewa, ni kuwa ina hana su. Falankin milimita 1.5 nauyinsa kusan kilo 12 ne a kowace murabba'in mita, na 3 kuwa ya haura kilo 23. Wannan kayan da shi za ka yi ta yawo dare da rana, mai yana ƙonewa, kuma ba ya biyan ka ko sisi. Ƙarfin daɓe yana cikin layukan nan da kamfani ya lotsa a jikinsa. Ka buga irinsu da guduma a kan bakin engil, wato ƙarfen nan mai kusurwa, ko ka sa ƙaramin engil a ƙasa ya tallafe.

Abin da na fi jin tsoro shi ne abin da ke ƙarƙashi. Injin yana baya, don haka kebur ɗin giya da kuloci da totur, da wayoyin wuta, da bututun man birki, duk ta nan suke bi. An taɓa kawo mini keken da aka yi wa walda a wani wuri, wuta ta lashi bututun birki ba a lura ba, sai a kan titi direban ya taka feda ya ji ta tafi ƙasa. Allah ya tsare bai ɗauki kowa ba. Ka cire kan batir, ka sauke tanki, ka janye kebur ɗin gefe, sannan a kunna wuta.

Direba, Zariya:
Ni filawud na shimfiɗa a kan tsohon daɓen. Da rani ya yi daɗi, ƙara ta ragu, ƙafa ba ta jin zafi. Da damina ta kankama sai ya kumbura ya fara ɓarewa, kuma danshin da ya maƙale tsakaninsa da ƙarfen ya ƙarasa abin da ya rage. A keken fasinja ban ba ka shawarar katako ba.

Mai kurkura, Kano:
Malam na Zariya ya yi gaskiya a kan filawud, amma kada a haɗa shi da katako na gaske. A bayan kurkurata falankin katako mai inci ɗaya na jera, a 'Yan Katako na Na'ibawa na saya. Na shafe su da baƙin mai kafin in ɗaure, na bar ɗan tsakani kamar kaurin yatsa ruwa ya riƙa zuba. Bulo da buhun siminti ba sa lotsa shi, kaya ba sa zamewa, wanda ya karye shi kaɗai zan cire. Noti mai kwanon kai nake sawa, kan yana sama, don kada ya yaga buhu.

Mai walda, Maraɗi:
Falanki mai farin rufin nan na galbanaiz yana jure ruwa, amma hayaƙinsa a walda mugu ne, yana sa zazzaɓi da ciwon kai. A goge bakin da za a kama, a yi a fili inda iska take. Alminiyom kuma ba shi da nauyi, sai dai ba ya kamuwa da ƙarfe a walda, dole noti ko ribit. A sa fenti ko roba a tsakaninsu, in ba haka ba da sun sha ruwa alminiyom ɗin zai fara cinyewa a mahaɗar.

Mai kekuna a hannun direbobi, Jos:
Duk kuna maganar ƙarfe, ku tuna da masu hawa. Wani yarona ya kai keke aka yi masa daɓe, aka bar bakin ƙofa da kaifi. Wata baiwar Allah tana saukowa da goyo ya yanke ta a dunduniya, ni na kai ta aka ɗinke. Tun daga nan ba na karɓar aiki sai na bi bakin da tafin hannuna. A lanƙwasa shi ƙasa, a goge. Kuma a wajen takawa a sa falanki mai zanen nan, sumul ɗin yana santsi idan ya jiƙe.

Direban adaidaita, Kano:
Na gode ƙwarai, Hajiya ta Jos na gode. Oga na Fanteka, in mayar da kafet ɗin roba a kai?

Fanal bita, Fanteka, Kaduna:
Kafet ɗin ne ya ci maka na farko. Ruwan wanki da na sama suna shiga ƙarƙashinsa su kwana. Ka mayar, amma kada ka manne shi da gam, ya zama kana ɗagawa bayan wanki wurin ya sha iska. Ka huda ƙananan ramuka a kusurwoyin da ruwa ke taruwa kafin fenti, don bakin ramin ma ya samu. Jan fentin hana tsatsa sama da ƙasa, shafi biyu, musamman kan layin walda, ka bar shi ya bushe sosai kafin ka sa kala.