Neman kalmar Hausa: wane suna ya dace da dajin John Muir?

Jama'a, assalamu alaikum. Ina cikin fassara taƙaitaccen tarihin John Muir, mutumin da Amurkawa suke ɗauka jagaban masu fafutukar kare daji a ƙasarsu, sai aikin ya cije mini a kan kalma ɗaya ta Turanci, wato wilderness. Kusan kowane shafi sai ta fito, kuma duk inda na sa "daji" a madadinta sai in ji jimlar ta yi salam kamar miyar da aka manta da daddawa. Shi ya sa na kawo maganar gaban malamai da masu aikin fassara domin mu tsayar da abu guda. Sai dai kafin mu duba kalmomin da aka jefo, ya kamata mu san mutumin da abin da yake nufi da ita, tunda tela ba ya yanka yadi bai auna mai riga ba.

An haifi Muir ranar 21 ga Afrilu, 1838, a garin Dunbar na Sikotilan, kuma a 1849 mahaifinsa ya kwashi iyali zuwa jihar Wiskonsin ta Amurka, inda suka sari daji suka yi gona. Mahaifin Kirista ne mai tsanani, wanda ya sa yaron ya haddace Sabon Alkawari da babban kaso na Tsohon Alkawari da ƙarfin bulala. Wannan ya shafi maganarmu, domin a Littafi Mai Tsarki na Turanci wannan kalmar ce sunan inda Bani Isra'ila suka yi shekara 40 suna ɗimuwa, wurin ƙishirwa da jarrabawa, kuma masu fassara shi zuwa Hausa "jeji" suka ce. Asalin kalmar a tsohon Turanci ma ba ya wuce wurin da namun daji suke. Da a nan ma'anar ta tsaya, da ban dami kowa ba, don daji da jeji da dawa duk sun wadatar.

Abin da Muir ya yi shi ne kifar da kalmar. A 1867, yana aiki a wata masana'anta a Indiyanapolis, wani ƙarfe mai tsini ya soke shi a ido, ya yi makonni ba ya gani, kuma da idon ya buɗe sai ya ajiye aikin ya taka da ƙafa kimanin mil 1,000 daga Kentaki har gaɓar teku a Fulorida. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi a can, sannan a 1868 ya isa Kalifoniya ya shiga kwarin Yosemite. Daga nan har ƙarshen ransa, wurin da kakanninsa suke gani na halaka shi ne wurin da yake kira ɗakin ibada, inda mutumin da birni ya gajiyar zai je da burodi da ganyen shayi ya samo hankalinsa. To, wannan sabuwar ma'anar ce take ba ni wuya, domin Bahaushe yana shiga daji ne da dalili, ko itace ko farauta ko kiwo ko saiwar magani, kuma yana so magariba ta same shi a gida.

Na gode wa waɗanda suka fara amsawa. Mafi yawanku kun ce a bar shi a "daji" kawai, amma ku dubi faɗin kalmar. Manomin da ya tafi gonarsa ta bayan gari cewa yake yi ya tafi daji, alhali gona ita ce kishiyar abin da Muir yake nufi. Ga kuma nauyin da kalmar ta ɗauka a 'yan shekarun nan, inda da an ambaci daji a Zamfara ko Katsina 'yan bindiga ne suke fara zuwa zuciyar mai sauraro. "Ƙungurmin daji" ya fi kusa, kuma da farko na karkata gare shi, sai na tuna cewa yana kawo hoton duhuwa da sarƙaƙiya, alhali tsaunukan Siyera Nebada da Muir ya fi ƙauna falalen duwatsu ne da tafkuna da filayen ciyawa, wasu ma sun yi tsawon da bishiya ba ta fitowa a kansu. Wannan dalilin ne ya kayar da "kurmi" shi ma. "Dokar daji" tana ba da nisa da mutane daidai yadda ake so, amma Amurka ta yi wa irin wannan daji doka ta musamman a 1964, kuma ban ga editan da zai yarda a buga masa "dokar dokar daji" ba.

Wani malami ya kawo "gandun daji", yana mai kafa hujja da Yankari, wadda aka keɓe tun 1956. Malam, kalmar tana da kyau, amma tana da aikinta, kuma a tarihin Muir ma ina buƙatarta. A 1890 rubuce-rubucensa da goyon bayan Robert Underwood Johnson, editan mujallar Century, suka sa majalisar Amurka ta mai da kewayen Yosemite gandun daji na ƙasa. A 1903 ya yi kwana uku a dajin tare da Shugaba Theodore Roosevelt, kuma a 1906 aka karɓe kwarin kansa daga hannun jihar Kalifoniya aka haɗe shi da gandun. Gandu kuwa a Hausa gona ce mai mai ita, wadda ake yi wa aiki ana cin amfaninta, kuma gandun daji yana da ƙofa da titi da masaukin baƙi da ma'aikata. Abin da muke nema suna shi ne inda titin ya ƙare.

A nan dole in ratse kaɗan zuwa wasu kalmomi biyu, domin ba za a warware ta farko ba sai da su. Muir yana da aboki, Gifford Pinchot, wanda ya zama shugaban farko na hukumar dazuzzukan Amurka a 1905. Ra'ayin Pinchot shi ne a ci amfanin daji da lissafi, a sari katako a yi kiwo a tare ruwa, amma kada a cinye na jikoki, kuma wannan ne Turawan lokacin suka kira conservation. Muir kuwa, wanda ya yi kiwon tumaki kimanin 2,000 a tsaunukan a 1869 ya ga yadda suke aske ƙasa har ya laƙaba musu "fara mai kofato", yana ganin akwai wuraren da bai kamata a taɓa ba sam, wato preservation. Rigimar ta fashe a kan kwarin Hetch Hetchy da ke cikin gandun Yosemite, wanda birnin San Faransisko ya nemi ya toshe ya yi madatsar ruwa bayan girgizar ƙasa da gobarar 1906. Pinchot ya goyi bayan birnin, Muir da ƙungiyar Sierra Club da ya kafa a 1892 suka yi shekaru suna ja, amma a Disambar 1913 Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a dokar da ta ba da kwarin. Muir ya rasu ranar 24 ga Disamba, 1914, a Los Anjeles, aka kammala madatsar a 1923, kuma har yau ruwanta birnin yake sha. Kafafen labaranmu sukan haɗe ra'ayoyin biyu su ce "kare muhalli", wanda da shi mai karatu ba zai gane abin da ya raba abokan nan ba. Ina ganin na Pinchot "tattali" ne, ko "alkintawa", irin na uwargida da hatsin rumbu, na Muir kuma "killacewa". Ban ji wanda ya ja da wannan ba, don haka na wuce.

Shawarar da ta fi samun masu so ita ce "budurwar daji", kuma ita ce na fi ƙi, ko da yake ta fi sauran daɗi a kunne. Tana cewa ba wanda ya taɓa wurin, kuma wannan ba gaskiya ba ne. Mutanen Ahwahneechee sun zauna a kwarin Yosemite tun kafin Bature ya san da shi, suna sa wa ƙasa wuta a kan kari domin ciyayi su sabunta kuma itatuwan da suke cin 'ya'yansu su yi kyau, har sai da wata rundunar 'yan sa-kai ta Mariposa ta shiga ta fatattake su a 1851, shekara 17 kafin zuwan Muir. Filayen da ya gani ya ce aikin Ubangiji ne tsantsa, akwai hannun mutane a cikinsu. Shi kansa ya rubuta kalaman raini a kan 'yan asalin ƙasar da baƙaƙen fata, musamman a farkon rayuwarsa, kuma a 2020 shugabancin Sierra Club ya fito fili ya amsa hakan. Idan muka ce "budurwa", mun ɗauko kuskuren Turanci mun dasa shi a Hausa da hannunmu, alhali harshenmu bai taɓa ɗaukar daji wurin da ba kowa ba: akwai maharbi, akwai Bafulatani da shanunsa, akwai mai cin zuma.

Kalmar da nake gabatarwa ita ce "hurumin daji". Hurumi a Hausa ƙasa ce da aka keɓe wa gari, ba mai noma ta, ba mai gini a kanta, ba mai cewa tasa ce, kuma asalin kalmar ɗaya ne da haramci. Ba ta da'awar cewa ƙafar mutum ba ta taɓa taka wurin ba, abin da take cewa kawai shi ne jama'a sun yanke shawarar ɗauke hannu daga gare shi. Haka dokar da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 3 ga Satumba, 1964, ta tsara: ta fara da eka miliyan 9.1, ta hana titi da mota da gini na dindindin, ta kuma bayyana wurin da cewa mutum baƙo ne a cikinsa, yana zuwa ya wuce. Yau filayen da ke ƙarƙashinta sun haura eka miliyan 110.

Wata malama ta yi mini gyara mai ƙarfi, ta ce hurumin da ta sani a garinsu nan ne tumaki da awaki suke kiwo, ta yaya za a ba dajin maƙiyin tumaki wannan suna? Malama, na daɗe ina juya maganarki. Amsar da na samu ita ce dokar 1964 ɗin kanta ta bar kiwon da aka riga aka saba yi a wuraren ya ci gaba, don haka kalmar tamu ta fi kusa da abin da aka kafa a ƙasa fiye da abin da Muir ya yi fata. Wani kuma ya ce mai karatu na yau ya fi sanin hurumi a "wannan ba huruminka ba ne", kuma ni ina ganin wannan taimako ne, don saƙon da wurin yake ba mai katako da mai haƙar ma'adinai ke nan.

Ga yadda zan yi a fassarar. Inda kalmar take da tsohuwar ma'anarta ta wurin ɓata da wahala, zan rubuta "jeji". Inda Muir yake yawo shi kaɗai kafin wata doka, zan rubuta "dokar daji" ko "tsakiyar dawa" gwargwadon jimla. Inda ake maganar ƙasar da aka ɗauke wa hannu da gangan, zan rubuta "hurumin daji", jam'insa "hurumman daji", dokar 1964 kuma ta zama "Dokar Hurumin Daji". Na gwada a jimlar da ta fara tsayar da ni, ta fito haka: Pinchot ya nemi a yi tattalin Hetch Hetchy, Muir ya nemi a killace shi ya zama hurumin daji, majalisa ta ba San Faransisko ruwa.