Rabon kason kifi a Alaska: inda shawara ta karkata

Kafin 1995, masuntan kifin halibut a jihar Alaska ta Amurka rububi suke yi na 'yan kwanaki a shekara, ko da teku na tumbatsa. Da aka yanka wa kowa kasonsa, wato adadin kifin da zai iya kamawa, lokacin kamu ya kai wata takwas, kasada ta ragu.

Sai dai ana iya saye da sayar da kason, kuma rigimar tana wajen wannan cinikin. Cikin masu muhawara kan batun, wasu sun ce a ƙayyade abin da mutum ɗaya zai mallaka, kada masu hannu da shuni su lamushe komai. Wasu sun nace mai kaso ya shiga jirgi da kansa, ban da zama a gida ana karɓar kuɗin haya. Wannan shawara ta biyu ta fi kwanta mini a rai. Matasa kuwa a taimaka musu da rance, don kaso ya yi tsada.