Masu Zuwa Da Dare: Musayar Waƙa Daga Zangon Accra

Hajiya Mai Koko, Nima:
Ina da tambaya, ya 'yan'uwana,
Ta daɗe tana ci mini tuwo a raina.
Akwai mai taya ni suyar waina,
Namiji aka haifa, mace take kiran kanta a gabana.
Samari na jifanta tsakar rana,
Dare ya yi, kiran wayarsu ya hana ta kwana.
Wace irin sha'awa ce wannan, ƙannena?

Ɗalibin Jami'ar Legon, Mamobi:
Hajiya, ranki ya daɗe, ga abin da na karanta:
A 2016 masanan Jami'ar Northwestern suka rubuta,
Can Amurka, sun sa wa maza na'ura sun kwatanta.
Mai son wadda ta sauya jinsi, siffar mace ke jan shi gare ta,
Jikinsa na amsawa kamar na masu neman mata,
Da shi da mai neman maza, hanyarsu ta bambanta.
Tun 2010 a San Francisco da irinsu aka zanta,
Wasu suka ce mata suke so, wasu duka biyun suka ambata.

Malam, Sabon Zango:
Ɗana, na ji bokonka, ban ƙaryata ba,
Auna sha'awa bai mai da haram halal ba.
Sai dai shari'a ba ta ba ɗan unguwa dutse ba,
Leƙen asirin mutane, Suratul Hujurat ba ta bari ba.

Ɗalibin Legon:
Baba Malam, fatawa taku ce, ban taɓa ta ba.

Direban Trotro (motar haya), Madina:
Ku ba ni wuri, ni ke ɗaukar masu zuwa gunta a mota,
Daga shataletalen Circle zuwa zango, hula ta rufe fuska da kunyarta.
Mai mata da 'ya'ya, a bayana yana share lambarta.
Sashe na 104, dokar Ghana ta 1960, ɗaurin har shekara uku kan luwaɗi ta yanke,
Majalisa a Fabrairun 2024 ta ƙara ɗaure igiya tamke,
Shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, bai sa hannu ba, amma tsoro ya kafa turke.
'Yan damfara sun gane, da hoto suke wa mutum ƙofar rago,
Ya biya kuɗi ya tsira da rawani da zobe,
Ita ko ta kwana da kumburin ido, ta fito kasuwa gobe.
Hajiya, in an sake dukanta ki kira ni,
Ni zan kai ta asibiti, kuɗin mai na kaina ne.