Masu jin gambarar Amurka, wa zan saurara bayan Nas?

Ɗan Sabongari:
Salam jama'a, don Allah ku taimaka min. Ni dai Nas ne mutumina, albam ɗinsa Illmatic ɗin nan na 1994 na ji shi har na kusa haddacewa, waƙa goma ce kacal amma wallahi ba wadda nake tsallakewa. Abin da ke kama ni shi ne yadda yake ba da labarin unguwarsu Queensbridge da ke New York kamar kana tsaye bakin layin kana ganin komai da idonka. To duk wanda manhaja ta turo min wai irinsa ne sai in ji kiɗa da ihu kawai ba zance a ciki. Wa kuke ganin zan nema?

Baban Khalifa:
Wslm. Ɗan'uwa ka daina jira waya ta zaɓar maka, ka koma kan Illmatic ɗin ka karanta sunayen waɗanda suka yi aikin, daga nan hanya take. AZ shi kaɗai aka ba baiti a albam ɗin gaba ɗaya, kuma da ya fito da nasa Doe or Die a 1995 salon kusan ɗaya ne, fara da shi. Sai masu kiɗan, DJ Premier zai kai ka wajen Gang Starr shi da Guru, Pete Rock zai kai ka wajen CL Smooth, Q-Tip kuma A Tribe Called Quest amma su nasu da sanyi-sanyi yake. In kuma ƙamshin Queensbridge ɗin kake so to Mobb Deep, The Infamous na 1995, Nas ma yana ciki. Sai dai nasu ya fi duhu da zafin baki, sa abin kunne, kar ka sake shi a falo gaban su Hajiya.

Ummi_Kd:
Duk kun manta da Rakim? Ai a wurinsa su Nas suka ga hanya, ka nemi Paid in Full na 1987, kiɗan zai maka kamar ya tsufa amma ka bi yadda yake jera kalmomi a tsakiyar layi ba sai a ƙarshe ba. A na yanzu kuma ni Kendrick Lamar zan ce, good kid, m.A.A.d city na 2012. Labari ne guda daga farko har ƙarshe a Compton, tsakanin waƙoƙi har za ka ji mamansa ta bar masa saƙo a waya tana faɗa ya dawo mata da motarta, ni wannan wurin ne ya sa na ƙaunaci albam ɗin. Kar ka yi masa tsalle-tsalle, ka ji shi a jere.

Ɗan Jos:
Haba oga sai ka ce gida ba kowa. Mode 9 fa? Shekara da shekaru a baya shi ya riƙa ɗauke kyautar gwanin baiti a Headies, bikin karrama mawaƙan Najeriya. Ga M.I Abaga namu na Jos da Talk About It tun 2008, ga BOC Madaki na Bauchi yana haɗa Hausa da Turanci kuma akwai magana a bakinsa ba rawa kawai ba.

Ɗan Sabongari:
Kai na gode sosai, Allah ya bar zumunci. AZ ɗin na san muryarsa amma ban taɓa bin nasa ba, da shi zan fara daren nan. Ɗan Jos, a waƙoƙin BOC wacce zan fara nema?