Gwaji a cikin modul na Python ya ƙi zama lafiya

Salam jama'a, don Allah a taimaka min. Ina da modul lissafi.py a cikin fakej mai suna kayan, wasu firogram ɗina suna import ɗinsa, kuma so nake kod ɗin gwajin ya zauna cikin fayil ɗin tunda ƙarami ne, ban ga dalilin buɗe wata folda ba.

Da gwajin yana ƙasan fayil haka kawai, duk wanda ya yi import sai gwajin ya tashi ya cika allo da print. Na mayar da shi ƙarƙashin if __name__ == "__main__": wannan ya daina, to amma yanzu in na buga python kayan/lissafi.py sai ya ce "ImportError: attempted relative import with no known parent package" saboda layin from .taimako import zagaye da ke sama. python -m kayan.lissafi yana aiki lafiya lau, shi kuma pytest, firogram ɗin gudanar da gwaji, ko na miƙa masa sunan fayil ɗin collected 0 items yake ce min, abin ya ishe ni wallahi.

Yaya zan tsara gwajin cikin fayil ɗin yadda pytest zai gan shi amma import ba zai tayar da shi ba? Na gode.