Yaya ake gane abin da masu saye ke ji game da sunan kamfanin tufafi?

Ummi Zane:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kamfanin da nake wa aiki rigunan mata yake ɗinkawa, an ɗora mini gano yadda mutane ke kallonmu idan aka jera mu da manyan kamfanonin tufafi irin su Zara da H&M. Na raba takardar tambayoyi, amma kowa sai ya ce "kayanku suna da kyau". To me zan yi da wannan amsar? Masu sani a taimaka.

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam. Ina kyautata zaton kin ambaci sunanku tun a tambayar farko. Mutum kuwa ba zai kushe ki a gaban idonki ba. Fara da cewa: "In za ki sayi rigar zuwa aiki, wane kamfani ne ke fara faɗo miki a rai?" Sai ki yi shiru. Wadda ta kira ku ba tare da an tuna mata ba, ita ce ta san ku. Daga baya ki nuna jerin sunayen.

Malama Hadiza:
Akwai tambayar da masanin kasuwanci Fred Reichheld ya fito da ita a 2003: daga 0 zuwa 10, yaya yiwuwar ki tallata mu ga ƙawarki? Masu 9 da 10 masoya ne, daga 6 zuwa ƙasa masu ƙorafi. Ki cire kason masu ƙorafi daga na masoya.

Dattijo:
Malama, wannan lambar zafin jiki kawai take aunawa, ba ta faɗin ciwon. Tufafi harkar "wa zan zama in na saka" ce. Masaniyar kasuwanci Jennifer Aaker a 1997 ta auna sunayen kamfanoni kamar mutane: gaskiya, armashi, ƙwarewa, ƙasaita, juriya. Misali, kamfanin Levi's juriya, kamfanin Chanel ƙasaita. Ke fa Ummi, ina aka ajiye ku?

Kuma 'yata, kada ki yarda da baki kaɗai. Bayan rushewar ginin masana'antun ɗinki na Rana Plaza a Bangaladesh a 2013, inda ma'aikatan ɗinki sama da 1,100 suka mutu, mutane da yawa sun yi tir da kaya masu arha, amma kasuwarsu ba ta mutu ba. Duba littafin cinikinku: wa ya dawo saye karo na biyu, wa ya maido riga, kuma me ya ce dalili.

Ummi Zane:
Na gode Baba. Bayanan maido kaya suna nan, sai dai ba a rubuta dalili. Gobe zan sa a ƙara gurbinsa a fom ɗin.