Hoton Laurel da Hardy mai sa hannu ya manne da gilashi, yaya za a raba su?

Jama'a, ina neman shawarar waɗanda suka san gyaran tsofaffin hotuna. Hoto ne baƙi da fari na Stan Laurel da Oliver Hardy, 'yan wasan barkwanci na tsofaffin finafinai, inci 8 da 10, kowannensu ya sa hannu a ƙasa da alƙalamin tawada. Wanda ya sa shi a firam bai saka kwalin da ke raba hoto da gilashi ba. Danshi ya shiga, jelatin ɗin fuskar hoton (wato siririn shafen da ke saman takardar) ya kumbura ya kama gilashin. Wurin da ya manne ya kai faɗin yatsa uku, kuma ya ci rabin sa hannun Hardy.

Nan ne abin ya ɗaure min kai. An saba jiƙa hoto da gilashinsa a ruwan sanyi har jelatin ya yi laushi ya saki, to amma ruwa na iya narkar da irin wannan tawada. Kuma sa hannun Hardy ne mai wuyar samu, tunda ya rasu a 1957, Laurel kuwa ya kai 1965 yana amsa wasiƙun masoya. In aka ɓamɓare shi a bushe, tawadar za ta bi gilashi.

Na riga na ɗauki kwafinsa da sikana ta saman gilashin. Shin in aka rufe shi a akwati mai danshi, ba tare da ruwa ya taɓa takardar ba, zai saki? Danshi kashi nawa, kuma awa nawa kafin tawada ta fara nashewa? Ko gara a bar shi manne, a canja kwalin baya da marar asid kawai?